Rantsuwar Sabo Me-Ka-Gani

Ku da kuka yi zamani da marigayi Sabo a Panshekara kun sani, mutumin nan ko goro zai saya sai ya tara jama'a. Zai riƙe fari a wannan hannu, ja a wancan, ya juya ya kalli duk wanda tsautsayi ya tsayar a gefensa, ya ce, "Kai me ka gani?" Ba ruwansa da ya san ka ko bai san ka ba. Da idona na ga ya tsayar da ɗan garuwa da tsakar rana yana tambayarsa wane fenti ya kamata ya yi wa zaurensa. Mutumin ya ce, "Malam, ni fa ruwa nake sayarwa." Sabo ya ce, "To mai sayar da ruwa ba shi da ido ne?" Daga nan sunan ya bi shi, Sabo Me-Ka-Gani, har yaran unguwa suka ɗauka sunan yanka ne.

Ni Garba, benci ɗaya muka zauna da shi a firamare. Ni na tsaya a aji bakwai, na samu aikin akawun sito a wata masaƙa a Challawa. Shi kuwa ya yi gaba har Zariya, ya karanto lissafi da wannan abin da a lokacin ko sunansa ba mu iya faɗa daidai ba, wato kwamfuta. Mun zaci boko zai rage masa halin nan. Ina! Ƙara masa ya yi.

Kun tuna sunan ɗansa na fari? Tun ranar da matarsa Rabi ta sauka yake yawo gida-gida yana neman shawarar suna. Ranar suna da sassafe, rago a ɗaure, mahauci ya wasa wuƙa, goro ya zagaya, liman ya sunkuyo ya ce, "Malam Sabo, wane suna za a sa?" Sabo ya gyara zama ya ce, "Allah gafarta Malam, ku me kuka gani?" Liman ya ce, "Na ga rana tana ɗagawa, kuma ina da wani sunan a gaba. Sunan yaro Muhammadu, a shafa!" Aka shafa. Ita kanta Rabi ta sha gaya mana cewa lokacin da yake zuwa zance sai da ya tambaye ta ko tana ganin ya dace ya aure ta. Ta ce masa ita ba ta sani ba. Ya ce to ba komai, bari ya je ya tambayi ƙawarta.

Shekara da shekaru muna yi wa halin nan dariya. Ku ci gaba da dariyar, ni ma ina yi, amma tawa ba ta kai ciki. Halin nan ne ya raba ni da aikina, shi kuma ya raba shi da mutumin da ya fi ganin girmansa a duniya.

A shekarun tamanin ɗin nan ne masu masaƙarmu suka ce za a kawo kwamfuta. Wai tsari ɗaya ne zai ɗinke komai wuri guda: sito, ofishin sayen zare da rini, ɗakin saƙa, masu sayarwa, har masu albashi. Idan dila ɗaya ta fita daga sito, nan take mai saye ya sani, mai tsara aikin injina ya sani. Aka ɗauko wasu ƙwararru daga Legas, masu kwat da jakar hannu. Wata da watanni suna cikin kamfanin, wallahi ko ƙofar sito ba su taɓa leƙowa ba, sai dai su aiko masinja ya karɓi takardu. Aka gina wa abar ɗaki nata na kanta, aka sa mata esi, aka shimfiɗa kafet, mai shiga sai ya tuɓe takalmi. Mu muna can ƙarƙashin kwano muna gasuwa. Shi ya sa muka sa mata suna Hajiya, tunda a sanyi take zaune, ba ta ɗaukar kaya, kuma duk abin da ta faɗa ya zauna.

Aka ba Hajiya cinikin bara ta tsara na bana. Ita kuwa baiwar Allah da watan Bature take aiki, ba wanda ya gaya mata Sallah matsowa take yi duk shekara. Tun tsakiyar azumi 'yan kasuwa suka yi dafifi a ƙofa da motocinsu suna neman atamfa, sito wayam. Kayan ba su fito ba sai da teloli suka rufe karɓar ɗinki. Aka yi asara mai sunan asara. Ƙwararrun suka ce laifin ma'aikata ne, ba su waye ba, suka hau jirgi suka koma inda suka fito.

A nan ne Manaja ya tuna akwai wani ɗan Panshekara da ke wannan aikin a wani kamfani a Bompai. Manajan nan ba zan kira sunansa ba, ya mutu, 'ya'yansa suna nan. Amma ku sani ba baƙo ba ne, ɗan garin nan ne, da shi muke sahu ranar Juma'a. Ya aika aka kira Sabo, ya ninka masa albashi.

Ranar da Sabo ya kama aiki, maganarsa ta farko ita ce, "Yallaɓai, an tambayi mutanen sito kuwa?"

Manaja ya ce, "A tambaye su me? Leburori ne fa."

Sabo ya ce, "To ni da su zan fara."

Ya tara mu a ɗakin cin abinci, ya kafa allo, ya yi zane-zane har alli ya ɓata masa kwat. Ya yi bayani ya yi bayani, sannan ya juyo da fara'arsa ya ce, "To jama'a, me kuka gani?" Tsit. Kowa ya juya yana kallon Baba Isiyaku. Shi ne helumanmu, babban sito, tun ana gina masaƙar yake cikinta. Kuma aminin mahaifin Sabo ne. Da mahaifin ya rasu, shi ya riƙe gidan, shi ya ɗauki akwatin Sabo a ka ya kai shi tasha ranar da zai tafi Zariya. To kun san mu, yaro ba ya riga babba magana a taro, babba kuma ba ya kushe aikin mutum a gaban jama'a. Baba Isiyaku ya yi gyaran murya ya ce, "Ma sha Allah. Allah ya sa albarka." Duk muka ce amin.

Sabo ya ce, "Baba, ba addu'a nake nema ba, gyara nake nema."

Baba ya ce, "Allah ya ƙara basira."

Muka sake cewa amin, muka watse.

Wani da ya haƙura. Sabo? Washegari sai ga shi ba kwat ba laktaye, ya aro kakin lebura wanda ya tsaya masa a ƙwauri. Wai zai yi aiki da mu don ya gane abin da muke yi. Aka hana shi, ya yi ƙememe. Ya sunkuya ya cicciɓi dila, muka ji ƙas! Sai da aka kai shi gidan mai ɗori a bayan babur. Yana kwance ana murza masa baya yana ihu, a hakan ma ya ɗago kai ya tambayi mai ɗorin, "Malam, kai me ka gani, in koma gobe ko jibi?"

Da ya warke sai ya fito da wata sabuwa. Ya ce mutanen sito ba sa magana ne don Hajiya ta yi musu nisa. Ya sa aka jawo waya doguwa tun daga ɗakin sanyi, ya ɗora talabijin ɗin nan nata da abin bugawa mai kama da tafireta a cikin baro, ya turo da kansa har tsakiyar sito. Manaja ya fito a guje kamar gobara ta tashi.

"Wa ya fito da ita cikin ƙurar auduga? Ka san nawa aka saye ta?"

Sabo ya ce, "Yallaɓai, gaisuwa na kawo ta. Tun da ta tare ba ta zo ta gaida mutanen gidan ba."

Mun yi dariya ranar har da riƙe ciki, amma bakinmu bai buɗe ba. Duk abin da ya tambaya, amsar ɗaya ce: lafiya lau, ya yi kyau. Har sai wata rana muna cin ɗanwake a gindin darbejiyar bakin ƙofa, Sabo ya tsoma hannu a kwanonmu kamar yadda ya saba, Baba Isiyaku ya dube shi ya ce, "Sabo, matso nan. Kai yaron kirki ne, amma ba ka da wayo. Kana tsammanin ba mu da baki ne? Ni ba ƙarfi ake biya a jikina ba, ƙarfin ya tafi tuntuni. Ɗan abin da ke cikin kan nan ake biya. To idan na juye wa Hajiyarka shi kaf, ni kuma a ajiye ni a yi me da ni?"

Sabo ya tsame hannunsa daga kwanon, ko wankewa bai yi ba, ya nufi ofishin Manaja. Na bi bayansa da wasu takardu da za a sa wa hannu, don haka da kunnena na ji. Ya ce, "Yallaɓai, mutanen nan tsoro suke ji. Idan suka koya mata aikinsu, za a sallame su?" Manaja yana riƙe da kan waya, yana magana da Legas. Ya rufe bakin wayar da tafin hannu ya ce, "Ba wanda za a taɓa. Je ka gyara mini abar nan kafin wani azumin." Ya koma kan wayarsa.

Shi ke nan fa. A wurin Sabo magana ta ƙare, babba ya faɗa. Ana idar da sallar azahar a ɗan masallacin kamfani ya riga kowa fita, ya tsaya a bakin ƙofa. Duk ɗan sito da ya fito sai ya kama hannunsa, ya kira sunansa, ya ce, "Wallahi tallahi, wane, ba za a sallame ka saboda abin da ka gaya mini ba." Bai yi mana a dunƙule ba, ɗaya bayan ɗaya ya yi, har direbobin da ke ɗaukar kaya. Da ya zo kan Baba Isiyaku sai da ya durƙusa.

Da ya zo kaina na ja shi gefe na ce, "Sabo, kana da hankali kuwa? Da bakinka kake rantsuwa a kan zuciyar wani."

Ya ce, "Haba Garba, a gabanka fa ya faɗa."

Na ce, "Ya faɗa yana waya."

Ya ce, "Waya tana hana gaskiya ne? Kawo hannunka." Na miƙa masa, ya rantse mini ni ma.

Daga ranar baki ya buɗe. Kai, ashe mutane cike suke! Aka gaya wa Hajiya lissafin wata da yadda Sallah take tafiya. Aka gaya mata ranar Juma'a da rana ba mai loda mata mota ko uban waye. Aka gaya mata idan ruwan farko ya sauka, leburorin ƙauyukan nan ɓacewa suke yi su tafi shuka, kada ta ɗora babban aiki a makon. Aka gaya mata 'yan kasuwa ba su san lambar atamfa ba, sunan da mata suka raɗa mata suka sani. Sabo yana zaune a kan dila yana rubutawa, bakinsa har kunne. Ya je ya gyara, ya dawo ya nuna, a ce bai yi ba, ya koma.

Ba abin da yake faranta masa rai irin a kushe aikinsa. Har doka ya kafa, duk wanda ya samo aibu yana da goro ɗaya. Ai kuwa aibu ya yi arha a sito. Ɗanlami direba ya zo ya ƙura wa allon ido ya daɗe, ya rasa abin faɗa, ya ce, "Ni dai koren rubutun nan ne bai kwanta mini ba." Sabo ya rubuta, ya ba shi goronsa.

Baba Isiyaku kuwa, wanda da ko kallon abar ba ya yi, ya zama ba ya zama gabanta sai ya yi sallama. Da yatsa ɗaya yake danna ta, a hankali, kamar mai taɓa jariri. Idan ya yi kuskure ta yi ƙara, sai ya janye hannu ya ce, "Yi haƙuri Hajiya, tsufa ne." Komai ya juye mata. Wane rini ne ba ya son damina, wane zare ne ake fara fitarwa, wane dillali ne idan ya ce gobe yana nufin wani mako. Wata rana na ji yana gaya wa mai shayi, "Ɗana Sabo ya sa ilimina a cikin inji. Ko na mutu yana nan."

Zan faɗi gaskiya, a duk shekarun da na yi a masaƙar nan ban taɓa jin daɗin aiki irin na watannin nan ba. Tun da aka ɗauke mu ba wanda ya taɓa tambayarmu komai sai "ina kaza?" da "me ya sa ka makara?" Sai ga shi ana tambayarmu, ana rubutawa, gobe mu ga maganarmu a kan allo. Mutum ya riƙa jin shi ma mutum ne. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har yau, da mun san daɗin nan tarko ne da ba mu sha shi da yawa haka ba.

Azumi ya zagayo, kaya suka fito a kan kari, 'yan kasuwa suka kwashe har da rububi. Aka yi ɗan biki a harabar kamfani. Manaja ya hau mumbari ya gode wa masu kamfani, ya gode wa ƙwararrun Legas da suka aza harsashi, ya gode wa kansa. Mu aka raba mana lemo mai zafi. Sabo ko a jikinsa, yana ta zagayawa yana tambayar mutane yadda suka ga jawabin.

Ba a rufa shekara ba aka shiga tsuke bakin aljihu. Zare ya yi wuya, rini ya yi tsada, masu kamfani suka ce a rage kashe kuɗi. Manaja bai sha wahalar tunani ba. Ya shiga ɗakin sanyi ya sa wani yaron ofis ya tambayi Hajiya hannu nawa sito yake bukata yanzu. Ita kuwa me ta sani? Mun riga mun gaya mata komai, ta ba shi amsa tsakani da Allah.

Wata Litinin da safe muka iso, maigadi ya tare ƙofa, yana ta sunkuyar da kai. Ya ce an ce mu jira a waje, za a fito mana da haƙƙinmu. Kusan duk sito, in ban da 'yan samarin da hannunsu ya faɗa da bugun abar. Ina ciki. Ɗanlami yana ciki. Baba Isiyaku yana tsaye da kwanon abincinsa a hannu, ya ƙi zama. Muna nan sai ga Sabo a babur, yana ta ɗaga mana hannu, bai san komai ba. A bakin ƙofar nan ya ji, kamar kowa.

Ya jefar da babur ɗin ko kafe shi bai yi ba. Masinja ne ya ba mu labarin abin da ya faru a ciki. Ya ce Sabo ya samu Manaja a ɗakin sanyi, duk da fushin da yake ciki sai da ya tuɓe takalmi a ƙofa. Ya ce, "Yallaɓai, kun ce ba wanda za a taɓa. Na rantse wa mutanen nan da Allah!" Manaja ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai ka rantse. Ni ka ji na rantse?"

Sai ga Sabo ya fito ba takalmi, daga shi sai safa. Ya ajiye musu aikinsu. Maigadi ya biyo shi yana, "Yallaɓai, takalminku!" Ya ce ƙafarsa ba za ta sake taka harabar nan ba, ko don takalmi. Aka ce a miƙo masa, ya ce ba ya so. Haka ya hau babur da safa ya tafi gida. An ce takalman nan sun daɗe a bakin ƙofar, masu shara suna zagaye su.

Kuna tsammanin hakan ya wanke shi? Ko kaɗan. Manaja yana cikin mota da gilashi a rufe, ba mai iya kai masa. Sabo ne a cikin unguwa, shi ake gani safe da yamma. Aka ce sayen sa aka yi. Aka ce da ma turo shi aka yi ya tatse mu. A masallaci ya miƙa hannu a bar shi da hannunsa a iska. Ni ma na yi wata biyu ba na amsa masa sai da ka, don ina da 'ya'ya, kuma rantsuwarsa ba ta dafuwa. Shi kuwa Manaja aka ƙara masa girma aka mayar da shi Legas, ya dawo ya gina gida, ya gina masallaci a jikin gidan, ana ta sa masa albarka.

Ana nan sai muka ga Sabo yana ramewa. Ashe azumi yake yi. Ya je wurin liman ya ce zai yi kaffarar rantsuwa. Liman ya ce ya ciyar. Ya ce, "Da me? Ni ma ba ni da aiki." Liman ya ce to ya yi azumi uku, Allah mai gafara ne, tunda ba shi ya saɓa ba. Sabo ya ce, "Uku na wa? Kowa da sunansa na kira shi, na kama hannunsa. Kowa da nasa ukun." Liman ya kawo hujja, ya kawo littafi, ya kira wani malamin ya taya shi. Sabo ya ce ya gode, ya tashi. A rayuwarsa kaf wannan ne abu ɗaya da aka ba shi shawara kyauta ya ƙi karɓa.

Ga bazara, ga zafin Kano. Rabi tana kuka tana cewa zai kashe kansa. Shi kuwa idan ya gama na mutum ɗaya sai ya wanke ƙafa ya tafi har gidansa ya sanar da shi, sai ka ce mai kai takardar gayyata. Ya yi mini sallama wata la'asar, leɓensa duk ya bushe, ya ce, "Garba, na gama naka." Na rasa dariya zan yi ko zagi. Na ce, "Allah ya karɓa. Amma da ka yi mini adalci, da abin buɗa-bakin ka aiko mini." Ya yi dariya har da tari. Daga ranar muka shirya. Ɗanlami direba kuwa cewa ya yi, "In dai kana rabawa ne, akwai ramuwar bara a kaina, haɗa da ita."

Da yawa sun sauko, don ba ka iya riƙe fushi da mutumin da ya koma kamar kara saboda kai. Amma Baba Isiyaku bai sauko ba. Tun ranar bakin ƙofa bai sake amsa gaisuwar Sabo ba. A shekarunsa ba mai ɗaukarsa aiki, gonar gado kuwa tuntuni masana'antu suka cinye ta. Ya koma sayar da rake a bakin titi, gida cike da iyali da jikoki. Nasa azumin Sabo ya bari a ƙarshe, don tsoron haɗuwar yake ji. Da ya gama ya zo ya ce in raka shi.

Muka samu Baba a zaune a kan buhu yana feraye rake. Sabo ya tuɓe silifa tun daga nesa, ya durƙusa a cikin ɓawon raken nan, ya yi gaisuwa. Ba amsa. Ya ce, "Baba, na zo ne in gaya muku na yi kaffarar rantsuwar da na yi muku. Yau na cika azumi ukun."

Baba Isiyaku ya ci gaba da ferayarsa har ya kai ƙarshen sandar. Sannan ya ɗago, ya dube shi, ba faɗa ba tsawa, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Sabo. Kai da niyya ka yi naka, kuma ka san magariba za ta yi. A gidana tun ranar nan yara suke yi ba niyya."

Ya ɗauki wata sandar.

Mun daɗe a durƙushe. Na taɓa kafaɗar Sabo muka tashi. Muka kama hanyar gida.

Da daminar shekarar Baba ya kwanta, bai tashi ba. Ranar jana'iza Sabo ya kutsa cikin mutane ya kama makara. Babban ɗan Baba ya matso, ya cire hannun Sabo daga jikin makarar a hankali, ba tare da ya kalle shi ba, ya sa nasa. Sabo ya koma baya can ƙarshen mutane, a nan ya bi mu har maƙabarta.

Sauran kun sani. Ya ƙare rayuwarsa yana koyar da lissafi a firamare, an yi ta kiransa aikin kwamfuta a Sharada da Bompai, ya ce ya tuba. Masaƙar ma ba ta yi nisa ba ta rufe, 'yan gwangwan ne suka sayi Hajiya a kilo. Yanzu idan na ji yaran nan masu ɗaure wuya suna cewa a rediyo wai sirrin kafa irin wannan tsari shi ne a jawo ma'aikata a jiki a ji ta bakinsu, sai in kashe rediyon. An jawo mu a jiki ai. An ji ta bakinmu har ƙarshe.

Ya Allah, Kai ne shaida a bakin ƙofar masallacin nan, Kai ne shaida a ɗakin sanyi. Ka san wanda ya rantse, Ka san wanda ya saɓa. Ka karɓi ƙishirwar bawan nan naka Sabo, Ka shayar da shi, Ka yafe masa wautarsa, don wallahi ba mugunta a cikinta. Ka jiƙan Baba Isiyaku, Ka sanyaya masa zuciya. Ka haɗa su su biyu a gidan da ba a tare kowa a bakin ƙofa, ko Baba zai amsa masa gaisuwar nan. Amin.